RABARAN G. P. BARGERY (1876–1966): FASTON DA YA TATTARA HAUSA CIKIN LITTAFI GUDA

 Da kwamitin wannan mujalla tamu ya nemi in rubuta tarihin wani mashahurin mutum wanda ya daɗe da barin duniya, sai na zaɓi wani Bature ɗan ƙasar Ingila, limamin Kirista, mai suna George Percy Bargery. Na san wasu za su ce me ya haɗa kifi da kaska, tun da yake ga sarakuna da malamai da mazajen jiya na ƙasarmu birjik waɗanda suka cancanci a rubuta tarihinsu. To, dalilina shi ne wannan mutum ya bar mana wani littafi wanda har yau ba a yi wanda ya shafe shi ba, watau ƙamusun Hausa da aka buga a shekarar 1934. Duk wanda ya karanta Hausa a jami'a ya san shi, kuma da yawa daga cikin littattafan da malamanmu suka koyar da mu da su, daga wannan rijiya aka ɗebo ruwansu.

Abin da nake so in nuna a wannan ɗan rubutu shi ne yadda son littattafai ya kai wannan fasto ga girmama maganar talakawa, ta kasuwa da gona da bakin gulbi, har ya ɗauke ta abin da ya isa a adana cikin littafi. Ina ganin akwai darasi a nan gare mu, musamman mu da muka fito daga wannan yanki na Bagudo da bakin iyakar Benin.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Bargery a birnin Exeter da ke kudu maso yammacin Ingila a shekarar 1876. A nan ya yi karatunsa na farko, sa'an nan ya wuce Landan, inda ya shiga kwalejin horar da 'yan mishan ta ƙungiyar C.M.S. da ke unguwar Islington. Wannan ƙungiya ta cocin Ingila ce, kuma tun kafin a haifi Bargery tana da sha'awar harshen Hausa. Wani limaminta Bajamushe mai suna J. F. Schön ya wallafa nahawun Hausa a 1862, ya kuma fitar da ƙamus a 1876, wato shekarar da aka haifi mutumin namu. Shi Schön bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Yawancin Hausarsa ya same ta ne daga bakin wani yaro mai suna Dorugu, wanda matafiyin nan Barth ya tafi da shi Turai. Bayansa kuma wani limamin, C. H. Robinson, ya ziyarci Kano, ya koma Jami'ar Cambridge yana koyar da Hausa, ya fitar da nasa ƙamus a ƙarshen ƙarni na 19. Ke nan, lokacin da aka naɗa Bargery limamin coci akwai 'yan littattafan Hausa a hannun Turawa, amma duk ɗanɗano ne kawai idan aka gwada da yawan abin da ke bakin Hausawa.

Zuwansa Ƙasar Hausa

Bargery ya iso Nijeriya a shekarar 1900 yana saurayi ɗan shekara 24. A wannan shekara ce wata tawagar C.M.S. ƙarƙashin Bishop Tugwell, wadda a cikinta akwai Likita Walter Miller, ta yi tattaki har birnin Kano. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya umurce su da su bar garin, suka koma Girku ta ƙasar Zazzau suka zauna. Kada mu manta a lokacin Turawa ba su ci ƙasar ba tukuna, don sai a 1903 ne Kano da Sakkwato suka faɗa hannunsu. Bargery ya yi aiki tare da Likita Miller a ƙasar Zazzau, kuma a nan ne kunnensa ya fara sabawa da Hausar masu ita.

Ya kamata a faɗi gaskiya kan abin da ya kawo shi. Wa'azin Kirista ya zo yi, kuma a wannan fanni shi da abokan aikinsa ba su sami jama'a masu yawa ba, domin sun tarar da mutane masu addininsu da malamansu da littattafansu. Ita ma gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita aikin mishan a cikin masarautu don gudun ɓata wa sarakuna rai. Bayan shekara goma yana wannan aiki, rashin lafiya ya tilasta masa komawa gida a 1910. Wani da ya koma ke nan, sai ya nemi coci a ƙauyen Ingila ya zauna lafiya. Shi kuwa da ya ji sauƙi, sai ya sake dawowa a 1912, amma wannan karon a matsayin ma'aikacin ilmi na gwamnati. An tura shi ƙasar Tibi ta yankin Binuwai, inda ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a cikinsu. Daga nan har ƙarshen rayuwarsa, bai rabu da aji da takarda da alƙalami ba.

Aikin Ƙamus

A shekarar 1921, zamanin Gwamna Hugh Clifford, gwamnati ta ɗauke masa sauran ayyuka ta ɗora masa nauyin tsara cikakken ƙamusun Hausa. Ya zauna a Kano tare da malamai Hausawa, ya kuma zagaya sassan ƙasar Hausa yana sauraron yadda kowane yanki yake magana. Wani jami'in mulki mai basirar harsuna, Kyaftin R. C. Abraham, ya taya shi aikin na ɗan lokaci, kafin daga baya shi ma ya fitar da nasa ƙamus a 1949. Aikin Bargery ya ɗauki fiye da shekara goma. A 1934 kamfanin ɗab'i na Jami'ar Oxford ya buga littafin, mai shafi sama da 1,200 da kalmomi wajen 39,000, tare da bayani kan Hausawa da harshensu a farkonsa daga alƙalamin Farfesa Diedrich Westermann na ƙasar Jamus.

Ga mu 'yan Kabi, wannan shekara ba ta da wuyar tunawa, don ita ce shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da aka ɗauka mafarin bikin kamun kifi na yanzu. A wajejen wannan lokaci ne kuma aka fitar da littattafan gasar Zariya, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda duk muka karanta a aji. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta biyo baya a 1939. Watau ƙamusun ya fito ne daidai lokacin da rubutun boko na Hausa yake tsayawa da ƙafafunsa.

Abubuwa uku ne suka bambanta wannan ƙamus da waɗanda suka gabace shi. Na farko, ya nuna tsawon wasali da karin sauti na kowace kalma. Mu da muka tashi da Hausa a baki ba mu cika lura da wannan ba, amma a rubuce kuka na hawaye da kuka ta miya duk ɗaya ne, haka wuya na jiki da wuya ta wahala, haka gari na mutane da gari na tuwo. Kunne ne kaɗai yake raba su. Ƙamusoshin Schön da Robinson ba su nuna karin sauti ba, don haka baƙo yakan karanta kalma daidai a ido amma ya faɗe ta a karkace. Bargery ya zauna ya saurari kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya, ya sa wa kowace alama, a zamanin da ba a yawo da na'urar ɗaukar magana a aljihu. Wanda ya taɓa gwada sa wa shafi guda alamar karin sauti a jami'a ya san irin haƙurin da wannan yake bukata.

Na biyu, bai tsaya kan Hausar Kano kaɗai ba. A gefen kalmomi da yawa yakan nuna inda ake faɗinsu, ko Sakkwato, ko Katsina, ko Gobir, ko Zazzau, ko Haɗeja, ko Damagaram. Saboda haka kalmomi da yawa na Hausar yamma, waɗanda aka bari a baya lokacin da aka ɗauki Hausar Kano a matsayin daidaitacciya, sun sami mafaka a cikinsa.

Na uku, kuma wanda ya fi burge ni, shi ne yadda ya cika littafin da rayuwar yau da kullum. A ciki akwai sunayen itatuwa da ciyayi, wasu har da sunansu na kimiyya. Akwai sunayen tsuntsaye da kifaye da cututtukan mutane da na dabbobi, da launukan dawaki, da kayan saƙa da rini da ƙira, da wasannin yara, da sunayen iskokin bori, da kirarin abubuwa iri iri. Yana da wata al'ada ta tara kalmomi masu dangantaka a ƙarƙashin kalma guda. Idan ka buɗe goro za ka tarar da jerin ire-irensa kamar kana zaune gaban ɗan kasuwar Kurmi. A ƙarƙashin kalmar ƙato kuwa ya jera kalmomi sama da 300 waɗanda Bahaushe yake amfani da su wajen siffanta abu mai girma. Mutum ba ya samun irin wannan a ofis. Sai ya zauna da mahauci da maƙeri da masunci da tsohuwa mai sayar da daddawa, ya ɗauke su malamai, ya yi ta tambaya ba tare da girman kai ba.

A nan ya kamata mu tuna da malamai Hausawa da suka yi aiki tare da shi, da ɗimbin mutanen da suka amsa tambayoyinsa a garuruwa da ƙauyuka. Sunan Bargery ne a bangon littafin, amma ilmin da ke ciki nasu ne. Abin da ya kawo shi ne naci da tsari da alƙalami, sai kuma yarda cewa maganarsu ta isa a rubuta.

Koyarwa a Landan da Komawa Kano

Bayan fitar ƙamusun, Bargery ya zama malamin Hausa a makarantar nazarin harsuna ta Jami'ar Landan, wadda a yau aka fi sani da SOAS, daga 1935 zuwa 1947. A 1937 jami'ar ta ba shi digirin dakta saboda wannan aiki nasa. Turawa da yawa da aka turo aiki Nijeriya ta Arewa a wancan zamani sun fara koyon gaisuwar Hausa ne a wurinsa.

A shekarar 1953, yana da shekara 77 a duniya, kuma bayan ya rasa matarsa ta biyu, sai ya sake haɗa kaya ya dawo Kano. Ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya ce ta gayyace shi ya jagoranci gyaran fassarar Hausa, domin wadda aka buga a 1932, wadda yawancinta aikin Likita Miller ne, tana bukatar a sake duba Hausarta. Ya yi shekara huɗu yana wannan aiki tare da wasu, ya koma Ingila a 1957, aka ba shi lambar yabo ta O.B.E. Wannan ya nuna cewa har tsufansa bai bar addininsa ba, bai kuma bar Hausa ba. Ya rasu a Ingila ranar 2 ga watan Agusta 1966 yana da shekara 89.

Littafinsa ya ci gaba da rayuwa bayansa. Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar a 1977, da Ƙamusun Hausa na wannan cibiya da ya fito a 2006, duk sun tarar da hanya a share. A 1993 kamfanin ɗab'i na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya sake buga ƙamusun Bargery tare da ƙarin kalmomi daga Farfesa Neil Skinner, daga baya kuma aka sa shi a intanet. Abin lura shi ne yawancin masu amfani da shi a yau Musulmi ne, malaman jami'a da ɗalibai da masu fassara da ma'aikatan gidajen rediyo. Abin da ya zo shukawa daban, abin da ya fi yin yabanya daban.

Abin da Ya Shafe Mu a Bagudo

Aikin gwamnati ya zaunar da ni a ƙaramar hukumar Bagudo, kuma wani ɓangare na aikina shi ne mayar da takardun sanarwa daga Turanci zuwa Hausa domin manoma da masunta. A nan ne na ƙara ganin darajar abin da Bargery ya yi. Takarda takan zo daga sama da manyan kalmomi kan iri da taki da maganin ƙwari, ko kan gargaɗin ambaliya. Idan ka fassara ta da Hausar ofis, sai manomin shinkafa ya saurare ka cikin ladabi, ya tashi bai ɗauki komai ba. Amma shi yana da sunan kowace irin ƙasa a fadamarsa, yana da sunan kowane mataki na tashin ruwan Kwara da janyewarsa. Basarke kuma yana raba tarwaɗa da ƙurungu da karfasa da giwan ruwa tun daga motsinsu, ya san inda ake jefa birgi da inda ake jan taru. Sanarwar da ba ta shiga da kalmominsu ba, ba ta shiga kunnensu, kuma a sha'anin ambaliya wannan magana ce ta dukiya da rai.

Yankinmu kuwa wuri ne da harsuna suke cuɗanya. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ce ta bar Illo a ɓangaren Ingila, ta bar 'yan'uwansu a ƙasar Dahomey, wadda ta koma Benin a 1975. Amma kasuwa ba ta san wannan layi ba. Daga Lolo zuwa Ka'oje, daga Tsamiya zuwa Segbana, Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Kyangawa da Bussawa suna ciniki da juna, kuma sau da yawa Hausa ce take haɗa su. Hausar nan tamu ta yamma ce, inda ake cewa shina zuwa, da mi kake so, da biyat, da zamna, da tahiya. Ta kuma ɗebo kalmomi daga tsallaken iyaka: wanda muke kira kwastan su duwan suke ce masa, ga jandarma, ga lakwal a maimakon makarantar boko, ga lissafin sefa da dala, inda dala ɗaya take daidai da sefa biyar. Abin da Bakano yake kira acaɓa, mu kabu-kabu muka sani.

Irin waɗannan kalmomi na babur da injin ban ruwa da wayar hannu an haife su ne bayan 1934, don haka ba aikin Bargery ba ne ya tattara su. A ɗaya gefen kuma tsofaffin kalmomi suna tafiya tare da tsofaffi. Yaron da ya tashi da injin casar shinkafa ba lallai ne ya san sunayen kayan sussuka da shiƙa da kakarsa ta yi aiki da su ba, kuma wanda ya saba da jirgi mai inji ba ya bukatar kalmomin tuƙi da gora da filafili. Duk tsohon da aka kai makwanci ba a rubuta abin da ke bakinsa ba, an rufe wani shafi na ƙamus tare da shi.

Kira ga Ƙungiyarmu

Malamanmu sun sha gaya mana cewa karatu ba ya ƙarewa da jarrabawa. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu nawa ne muka karanta littafi guda daga farko har ƙarshe tun da muka karɓi takardar shaida? Da na ziyarci makarantarmu a kwanakin baya, na leƙa ɗakin karatun da muka sha zama a ciki, na tarar kantoci da yawa babu komai a kansu, kuma babu ƙamusun Hausa ko guda. Wannan ba laifin mutum ɗaya ba ne, kuma gyaransa bai fi ƙarfinmu ba, domin hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Saboda haka ina ba da shawarwari biyu ga babban taronmu mai zuwa. Ta farko, kowane aji da ya fita daga makarantar ya ɗauki nauyin cika kanta guda da littattafai, kuma a fara da ƙamusoshin Hausa da littattafan adabin da muka karanta. Ta biyu, mu roƙi malaman Hausa su ba ɗalibai aikin hutu, kowane yaro ya zauna da wani dattijo ko dattijuwa a garinsu, ya rubuto kalmomi 20 na wata sana'a tare da ma'anarsu da sunan garin da ake faɗinsu. Idan ɗalibai 100 suka yi haka, an sami kalmomi 2,000 a hutu guda, ko da wasu sun maimaitu. Ƙungiya sai ta tace su, ta riƙa buga su kaɗan kaɗan a wannan mujalla, ta kuma ba wanda ya fi ƙoƙari kyautar littafi. Ni a shirye nake in karɓi na ɓangaren Bagudo da Illo in tsara su.

Bargery baƙo ne, ya zo da addinin da ba na yawancin mutanen da ya tarar ba, kuma a cikin zamanin mulkin mallaka wanda ba mu da dalilin yin kewarsa. Duk da haka ya ba harshenmu shekarun ƙuruciyarsa da na tsufansa, ya kuma rubuta maganar mahauci da ta masunci da irin kulawar da ya ba littafin addininsa. Mu da muka sha Hausar nan a nono, muka kuma sami ilmin boko ta hannun malamanmu, mun fi shi sauƙin wannan aiki nesa ba kusa ba.